Fadar Hawaye: Yadda Ziyarar Dangi Ta Koma Neman Izini a Birnin Balin

A gefen tashar jirgin ƙasa ta Friedrichstrasse, a tsakiyar Balin, akwai wani ɗan gini na gilashi da ƙarfe. Daga 1962 zuwa 1990, duk wanda zai bar Balin ta Gabas zuwa ta Yamma a jirgin ƙasa, ta cikinsa yake bi. Mutanen gari ne suka laƙaba masa suna Tränenpalast, wato Fadar Hawaye, domin a bakin ƙofarsa rakiya take ƙarewa. Baƙon da ya zo daga Yamma ya shige, ɗan'uwansa na Gabas ya tsaya a waje, ba shi da ikon ƙara taku ɗaya, kuma bai san ran da za su sake ganawa ba. A Satumban 2011 aka mai da ginin gidan tarihi. Angela Merkel, wadda ta girma a Jamus ta Gabas, ita ta buɗe shi a matsayinta na shugabar gwamnati, kuma ta ba da labarin yadda ita da iyayenta suka sha rako kakarta zuwa wannan ƙofa.

Shiga kyauta ne, kuma gidauniyar Haus der Geschichte, mai kula da babban gidan tarihin da ke Bonn, ita ke tafiyar da shi. Wurin ba shi da faɗi, awa ɗaya ta isa a zagaye shi. Akwai akwatunan tafiya a buɗe, kowanne da kayan da wani ya ɗauka ranar da ya bar gida. Akwai fasfo da takardun biza, hatimai, kakin jami'ai, ƙaramin samfurin tashar, da majigin labarai na ɓangarorin biyu, inda kowanne yake ba da labarin abu ɗaya ta fuskar da ta yi masa daɗi. A tsakiya kuma ga ɗakunan binciken fasfo na asali, waɗanda mai ziyara zai iya bi ta ciki.

Cikin wuraren tunawa da rabuwar Balin, na fi ganin darajar wannan. Hoton da duniya ta riƙe shi ne na Katangar Balin, wadda ta raba garin biyu, da waya mai ƙaya, da soja a kan hasumiya, da matashi yana gudun ceton rai. Duk wannan ya faru. Amma mafi yawan mutanen Balin ba su taɓa yunƙurin haura katanga ba. Abin da suka sani tsawon shekara 28 shi ne cike takarda, jiran amsa, tsayuwa a layi, da duban agogo kada dare ya raba suna tsallake. Jera bulo aikin 'yan makonni ne. Riƙe gari a rabe kuwa aikin ofis ne na kullum, mai ma'aikata da albashi da lissafin abin da ya shigo. Wannan ɗan zaure shi ne inda ake ganin aikin ofishin da ido.

Wanda bai san asalin rikicin ba zai yi mamakin yadda tashar da ke tsakiyar gari ta zama bakin iyaka. Da aka ci Jamus da yaƙi a 1945, Amurka da Birtaniya da Faransa da Tarayyar Sobiyet suka raba ta shiyya huɗu. Balin tana can cikin shiyyar Sobiyet, amma da yake ita ce babban birni, ita ma aka kasa ta huɗu. Ƙawancen bai je ko'ina ba. A Yunin 1948 ƙasashen Yamma suka fito da sabon kuɗi a shiyyoyinsu, Sobiyet ta mayar da martani da toshe hanyoyin mota da na jirgin ƙasa da na ruwa masu shiga Balin ta Yamma. Kusan wata 11 ana ciyar da mutum fiye da miliyan 2 ta jirgin sama, sawu sama da 270,000, galibin kayan kuma kwal ne na girki da ɗumama ɗaki da wutar lantarki. A 1949 aka wayi gari da ƙasa biyu: Tarayyar Jamus a Yamma mai bin jari-hujja, da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Jamus a Gabas mai bin gurguzu ƙarƙashin jam'iyyar SED.

Duk da haka garin bai rabu nan take ba. Shekara 12 aka yi mutane suna kai da kawo. Dubun-dubatar mazauna Gabas suna aiki a Yamma su koma gida da yamma, mutanen Yamma suna tsallakawa su yi aski ko sayayya da araha. A 1952 gwamnatin Gabas ta rufe doguwar iyakar da ke tsakanin ƙasashen biyu, ta kuma yanke layukan tarho tsakanin ɓangarorin birnin, sai Balin ta zama ƙofa ɗaya tilo da ta rage. Mutum zai yanki tikitin jirgin cikin gari, ya sauka a wata tasha ta Yamma, ya kai kansa sansanin karɓar 'yan gudun hijira na Marienfelde, daga nan a ɗauke shi a jirgin sama. Tsakanin 1949 da 1961 kimanin mutum miliyan 2.7 suka bar Jamus ta Gabas, kusan rabinsu ba su kai shekara 25 ba. A cikinsu akwai likitoci, injiniyoyi, malaman makaranta, ƙwararrun ma'aikatan masana'antu, da manoman da aka matsa wa shiga gonakin haɗaka. Akwatunan da ke cikin nunin suna da alaƙa da wannan zamani, kuma ƙanƙantar abin da ke cikinsu tana da dalili: barin ƙasa ba izini laifi ne mai kai mutum kurkuku, kuma babban kaya a cikin jirgi shi ke jawo idon ɗan sanda. Sai mutum ya bar gado da kujeru da tukwane kamar zai dawo da yamma, ya ɗauki takardun makaranta da 'yan hotuna.

Ƙasa mai mutum miliyan 17 ba za ta jure irin wannan zubewar ba, kuma shugabanninta sun sani. A ranar 15 ga Yunin 1961 shugaban Jamus ta Gabas Walter Ulbricht ya shaida wa 'yan jarida cewa babu mai niyyar gina katanga. Wata biyu ba su cika ba, a daren Lahadi 13 ga Agusta, aka shimfiɗa waya mai ƙaya, aka datse tituna da layukan jirgi. Erich Honecker, wanda daga baya ya gaji Ulbricht, shi ya tsara aikin. Shingen ya kewaye Balin ta Yamma tsawon kilomita 155, kilomita 43 daga ciki sun ratsa ta tsakiyar birnin. Gwamnati ta ce kariya ce daga 'yan fasist na Yamma, amma duk wanda ya dubi ginin ya ga inda aka sa ido: filin harbi da fitilu da karnuka duk a ɓangaren mutanenta suke.

To, ga yadda fita take a wannan zaure. Matakai uku ne. A bakin ƙofa a duba ko mutum yana da takardar da ta ba shi damar shiga ma tukuna. Ya gangara matakala zuwa teburan kwastan, a buɗe jaka, a tambaye shi abin da ya saya da abin da ya rage masa na kuɗin Gabas, domin an hana fita da shi. Daga nan a kasa mutane layi-layi: 'yan Balin ta Yamma daban, 'yan Jamus ta Yamma daban, baƙi daban, 'yan ƙasa daban. Ƙarshen kowane layi wani ɗan lungu ne matsattse, ƙofa a baya, ƙofa a gaba. Jami'i yana zaune bayan gilashi, kanta ta tare hannuwansa, matafiyi ba ya ganin abin da ake yi da fasfonsa. A sama akwai madubi a karkace mai nuna wa jami'in bayan mutum. Ya dubi hoto, ya dubi fuska, ya sake duban hoto, har siffar kunne an koya musu lura da ita. Ƙofar gaba ba ta buɗuwa sai ya danna maɓalli ta yi ƙara. Kakin da ke jikinsa na dakarun tsaron iyaka ne, amma shi ma'aikacin Stasi ne, wato ma'aikatar tsaron ƙasa, wadda a 1989 take da ma'aikata kimanin 91,000 da 'yan kai rahoto a ɓoye kusan 189,000. Babu wanda aka daka a wannan lungu bisa ƙa'ida. An dai tsara shi ne yadda mutum mai cikakkun takardu, wanda bai yi laifin komai ba, zai ji cewa wucewarsa alfarma ce da ake iya janyewa. Ginin kansa daga waje fes yake, gilashi ko'ina, haske na shiga, irin fasalin zamani da gwamnati take so baƙo ya tafi da shi a ransa.

Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce wa ke da izinin bi ta nan, kuma amsarta ta yi ta sauyawa da yanayin siyasa. Kwana goma bayan rufe iyaka aka hana mutanen Balin ta Yamma shiga Gabas. Wata 28 aka yi uwa ba ta ga ɗanta da ke unguwar da ake hangowa daga taga ba. Sai a Disambar 1963 aka cimma yarjejeniyar takardar izinin wucewa ta lokacin Kirsimeti, kuma cikin ƙasa da mako uku mutum kimanin 700,000 suka yi ziyara miliyan 1.2, bayan sun sha tsayuwar sa'o'i cikin sanyi don neman takardar. An maimaita haka har 1966, sannan ƙofa ta sake rufewa, sai ga mai uzuri na gaggawa. Abin bai daidaita ba sai bayan yarjejeniyar ƙasashe huɗu ta 1971, wadda ta fara aiki a 1972: ɗan Balin ta Yamma ya sami kwana 30 a shekara, amma sai ya je ɗaya daga ofisoshi biyar da jami'an Gabas ke zama a cikin garinsa ya nemi izini tukuna. Mai bizar yini dole ya fita kafin wa'adinsa ya cika da tsakar dare, shi ya sa cunkoso da koke-koke a bakin zauren suka fi yawa a wannan lokaci.

Ga mutanen Gabas kuwa lissafin ya fi muni. Daga Nuwamban 1964 aka yarda 'yan fansho su ziyarci dangi a Yamma, mata daga shekara 60, maza daga 65. Ma'anar wannan a fili take. Wanda ƙarfinsa ya ƙare, in ya tafi bai dawo ba, gwamnati ta huta da biyan fansho. Mai jini a jika kuwa sai daga 1972 aka fara ba shi dama, ita ma a kan haihuwa, aure, ciwo mai tsanani ko rasuwar dangi na kusa, kuma yawanci matarsa da 'ya'yansa suna gida a matsayin jingina. Ana iya hana shi ba tare da an faɗa masa dalili ba. Ta haka izinin tafiya ya zama linzami. Mutum yana kame bakinsa a wurin aiki, yana halartar taron da ba ya so, saboda mahaifiyarsa tana tsufa a Yamma kuma wata rana zai buƙaci sa hannun wani. A ganina wannan ne babban abin da nunin yake koyarwa, ko da yake ba a rubuta shi da manyan baƙaƙe ba: tsoron rasa izini ya ladabtar da mutane fiye da yadda tsoron harsashi ya yi, domin harsashi na wanda ya tunkari katanga ne, izini kuwa kowane gida yana buƙatarsa.

Sai maganar kuɗi, wadda ba a cika kawowa ba idan ana labarin aƙida. Daga Disambar 1964 aka wajabta wa baƙon da ya zo daga Yamma canjin dole: ya ba da mak, wato kuɗin Jamus, na Yamma a ba shi na Gabas ɗaya bisa ɗaya, alhali a kasuwar bayan fage mak ɗin Yamma ya ninka na Gabas sau da yawa. An fara da 'yan mak kaɗan, a Oktoban 1980 aka kai shi mak 25 a kowace rana, kuma ziyara ta ragu sosai bayan haka, domin iyali mai mutum huɗu sai sun yi tunani kafin su je gaida kaka. Abin da baƙo bai kashe ba kuma ba zai fita da shi ba. Akwai kuma shagunan Intershop, inda ake sayar da kofi da sigari da turare da cakulan na Yamma da kuɗin Yamma kaɗai. Daga 1974 aka halatta wa 'yan ƙasa riƙe kuɗin waje, sai al'ummar da ake cewa babu aji a cikinta ta rabu gida biyu: masu dangi a Yamma, da marasa su. Mafi nauyi shi ne cinikin fursunoni. Daga 1963 zuwa 1989 gwamnatin Jamus ta Yamma da ke Bonn ta fanshi fursunonin siyasa fiye da 33,000, ta hannun lauyoyi irin su Wolfgang Vogel na Balin ta Gabas, kuma abin da aka biya kan wannan da haɗa iyalan da suka rabu ya kai kusan mak biliyan 3.5, galibi a kayayyaki. Mutanen da aka ceto sun tsira, wannan babu musu. Amma kuɗin ya taimaka wa gwamnatin da ta ɗaure su ta ƙara tsawon rai, kuma 'yan siyasar Yamma sun san haka lokacin da suke sa hannu. Ban ga yadda mai imani zai ce a bar mutum a kurkuku don a karya tattalin arzikin maƙiyi ba, ban kuma ga yadda za a ce cinikin ba shi da farashi ba.

Samfurin tashar da ke cikin nunin ya cancanci a daɗe a gabansa, domin Friedrichstrasse kanta abin al'ajabi ce. Tana cikin Gabas gaba ɗayanta, amma layukan jirgin ƙarƙashin ƙasa na Yamma suna ratsawa ta ƙarƙashin tsakiyar Gabas. Jiragen suna wuce tashoshin da aka toshe, masu duhu, da masu gadi a tsaye, ba sa tsayawa. A Friedrichstrasse kaɗai suke tsayawa, inda ɗan Yamma zai iya sauya jirgi, ya sayi sigari mai araha a Intershop na kan dandamali, ya koma gida ba tare da ya nuna fasfo ba. A sama kuma an kafa bangon ƙarfe tsakanin dandamalin jiragen Gabas da na masu zuwa Yamma, mutane suna jin sanarwar jirgin juna amma ba sa ganin juna. Akwai wata ƙofa ta ma'aikata da Stasi ke shigar da 'yan leƙen asirinta da fitar da su ba tare da bincike ba, kuma ta nan ne wani jami'inta, Werner Stiller, ya sulale zuwa Yamma a Janairun 1979 da takardun sirri. Ɓangaren Yamma kuwa ba ya binciken masu shigowa yadda ake yi a iyakar ƙasa, saboda bai yarda cewa iyakar ƙasa ce ba. A tsakiyar shekarun 1980 masu neman mafaka daga Siri Lanka, Iran, Labanon da Gana suka gano wannan kafa: su sauka a filin jirgin saman Schönefeld na Gabas, su bi ta wannan tasha, su tsinci kansu a Balin ta Yamma. Gabas tana cin kuɗin tikiti tana kuma ba Yamma ciwon kai, har aka toshe hanyar a 1986.

Mutuwa tana nan a cikin labarin, kuma bai kamata maganar takardu ta rufe ta ba. Binciken masana tarihi ya tabbatar da aƙalla mutum 140 da suka rasa rayukansu a Katangar Balin. Ida Siekmann ta faɗo daga tagar gidanta a titin Bernauer kwana tara bayan rufe iyaka. Peter Fechter, ɗan shekara 18, ya zubar da jini har ya cika a gindin katanga a Agustan 1962 mutane suna kallo. Chris Gueffroy, ɗan shekara 20, an harbe shi a Fabrairun 1989, wata tara kafin komai ya ƙare. Akwai kuma yaran unguwar Kreuzberg ta Yamma da suka faɗa kogin Spree suka nutse, saboda ruwan a wannan wuri mallakar Gabas ne kuma masu ceto suna tsoron a harbe su. Çetin Mert, ɗan Turkawa 'yan ci-rani, ya nutse a Mayun 1975 a ranar da ya cika shekara biyar, sai bayan nan aka cimma yarjejeniyar ceto. Ban da waɗannan, aƙalla matafiya 251 sun rasu a lokacin bincike ko jim kaɗan bayansa a mashigan Balin, galibinsu tsofaffi da zuciya ta buga. Ba a harbe su ba, sunayensu kuma ba su shahara ba.

Yadda za a nuna wannan zamani a gidan tarihi abin jayayya ne a Jamus har yau. A 2006 wani kwamitin masana ƙarƙashin Martin Sabrow ya ba da shawarar a ƙara ba rayuwar yau da kullum muhimmanci, kada tarihin Gabas ya tsaya a kurkuku da katanga. Masu suka, ciki har da Hubertus Knabe, shugaban wurin tunawa na tsohon kurkukun Stasi da ke Hohenschönhausen a lokacin, suka ga wannan hanya ce ta wanke mulkin kama-karya. Kowane ɓangare yana da abin riƙewa. Wanda ya yi zaman kurkuku ba zai ji daɗin ganin 'yan yawon buɗe ido suna dariya cikin Trabant, ƙaramar motar Gabas, a gidan tarihin DDR (wato Jamus ta Gabas) mai zaman kansa ba, ko suna ɗaukar hoto da masu kakin bogi a tsohuwar mashigar iyaka ta Checkpoint Charlie, abin da sai a 2019 aka hana. Wanda kuma ya yi aure, ya haihu, ya sami gida a unguwar Marzahn ta Balin ta Gabas, ya yi aiki shekara 30, ba zai yarda a ce rayuwarsa duka zaman fursuna ba ce. Kuɗin haya da burodi da na jirgin cikin gari suna da araha ƙwarai, wuraren renon yara sun wadata, kusan duk mata suna aiki. Haka nan kuma ana jiran mota fiye da shekara goma, kuma maƙwabci yana iya zama mai kai rahoto. Gidauniyar da ke riƙe da Fadar Hawaye ta buɗe wani nunin a cibiyar al'adu ta Kulturbrauerei da ke Balin a 2013 kan rayuwar yau da kullum a Gabas, alamar ita ma ta ga cewa zaure ɗaya ba zai ɗauki duka ba.

Nan ne nake ganin raunin wurin, kuma rauni ne da ya samo asali daga ginin kansa. Cikin zauren na waɗanda aka bari su wuce ne: baƙin Yamma, 'yan fansho, da 'yan tsirarun da aka sahale wa. Ɗan Balin ta Gabas mai shekara 35 bai taɓa ganin madubin nan ko jin ƙarar ƙofar nan ba. Abin da ya sani shi ne dandalin waje, da tafiyar komawa gida shi kaɗai. Mai ziyara a yau yana bin sawun mai fita ne, yana jin fargabar mai fita, sannan ya fito da sauƙin zuciyar mai fita. Nunin ya yi ƙoƙarin cike giɓin da hirarrakin shaidu da labarin waɗanda suka nemi izinin barin ƙasa dungurungum, waɗanda da yawansu suka rasa aiki suka yi shekaru suna jira. Duk da haka ƙafa ta fi kunne riƙe darasi, kuma ƙafar mai ziyara hanyar Yamma take bi. Ita ma Balin ta Yamma ba a ganin zamanta sosai a nan: tsibiri ne da ke rayuwa da tallafin Bonn, ana ƙara wa ma'aikata kashi 8 cikin ɗari a kan albashi don kada su gudu, samari suna tururuwa can saboda babu aikin soja na dole, kuma da yawa daga mazaunanta sun saba da katangar har sun daina ganinta.

Ƙarshen ya zo da sauri. Hangari ta buɗe wa mutanen Jamus ta Gabas iyakarta ta Yamma a Satumban 1989, mutum 70,000 suka yi zanga-zanga a birnin Leipzig na Jamus ta Gabas ranar 9 ga Oktoba, sannan a yammacin 9 ga Nuwamba wani jigon jam'iyyar SED, Günter Schabowski, ya karanta sabuwar dokar tafiye-tafiye a gaban 'yan jarida, ya ce ta fara aiki nan take. Jama'a suka yi dafifi a mashigai, kafin dare ya raba jami'in da ke kula da mashigar titin Bornholmer, Harald Jäger, ya sa aka ɗage shinge. A ranar 1 ga Yulin 1990 aka daina binciken iyaka, ranar 3 ga Oktoba ƙasa ta haɗe. Nunin ya tsaya kusan a nan. Abin da ya biyo baya, wato yadda hukumar Treuhand, wadda aka damƙa wa kamfanonin gwamnatin Gabas kusan 8,500, ta sayar da su ko ta rufe su har fiye da rabin ayyukan da ke cikinsu suka salwanta, ba ya cikin hurumin zauren, ko da yake shi ne ya fi tasiri a kan yadda mutanen Gabas da yawa suke tuna zamanin da ya wuce.

Shari'a ma ba ta kai ko'ina sosai ba. An gurfanar da sojojin da suka yi harbi, yawancinsu suka sami ɗaurin talala. Egon Krenz, shugaban jam'iyya na ƙarshe a zamanin katanga, an yanke masa shekara shida da rabi a 1997. An dakatar da shari'ar Honecker saboda rashin lafiya, ya rasu a Chile a 1994. Erich Mielke, wanda ya shugabanci Stasi shekara 32, an ɗaure shi ne a kan kisan 'yan sanda biyu da aka yi tun 1931. Takardun Stasi kuwa, waɗanda in an jera su za su kai kilomita 111, an buɗe su ga jama'a tun 1992, kuma har yanzu suna fito da abin da aka binne.

Ɗaya daga ciki ya shafi wannan tasha kai tsaye. A ranar 29 ga Maris 1974 wani ɗan Polan mai shekara 38, Czesław Kukuczka, ya shiga ofishin jakadancin ƙasarsa a Balin ta Gabas ya ce yana ɗauke da bam, a bar shi ya tafi Yamma. Babu bam a jakarsa. Jami'an Stasi suka nuna sun amince, suka ba shi takardu, suka kawo shi Friedrichstrasse. Ya wuce duk matakan bincike, yana dab da isa wurin jirgi aka harbe shi ta baya daga kusa, a gaban wasu 'yan makaranta daga Jamus ta Yamma da ke komawa gida. Shekaru da dama maganar tana kwance, sai da masu bincike suka gano a cikin takardun cewa an ba wasu jami'ai lambar yabo a kan wannan aiki. A Oktoban 2024 wata kotu a Balin ta sami wani tsohon jami'in Stasi mai shekara 80 da laifin kisan kai, ta yanke masa ɗaurin shekara goma, kuma wasu daga cikin 'yan makarantar nan, waɗanda yanzu sun manyanta, su ne suka ba da shaida.